FILIN MATA: Ciyawar Roba A Bakin Ruwa

 

Cikin wasiƙun da suka zo wa wannan fili akwai guda biyu masu tambaya kusan iri ɗaya, sabo da haka zan haɗa su in amsa gaba ɗaya. Ta fari daga wata 'yar makaranta ce a Kazaure. Ta ce tana ganin hotunan gidajen ƙasashen waje a waya, ga tafkin iyo an gina da siminti a bayan gida, ga ciyawa koriya shar ta kewaye shi, kuma wai an gaya mata ba a ba ta ruwa, ba a yankanta. Tana so ta san ko gaskiya ne. Ta biyu kuwa uwargida ce daga ƙasar Gwiwa. Ita caɓi ne ya dame ta a bakin rijiya da wurin wanke-wanke, tun ba da damina ba. Ta ji ana sayar da irin wannan ciyawa a Kano, tana shawara ko ta roƙi maigida ya sayo a shimfiɗa mata, ta huta da taɓo.

To, duka tambayoyin biyu suna da amfani, gama ko da ya ke ba mu da tafkin iyo a tsakar gida, kowane gida yana da bakin ruwansa. Akwai rijiya, akwai gindin randa, akwai makewayi, akwai wurin wanki, ga kuma kududdufi a bayan gari. Abin da masu tafkin suka koya a bakin nasu ruwan zai yi mana amfani a bakin namu.

MECE CE ITA

'Yar makaranta, abin da aka gaya miki gaskiya ne. Wannan ciyawa ba tsirowa ta yi ba, saƙa ta aka yi a masana'anta kamar yadda a ke saƙa darduma. Zarenta na roba ne, danginsu ɗaya da leda da bokitin roba, daga man fetur a ke samo shi. A kan rina zaren kore, a soka shi cikin wani ƙyalle mai kauri, a shafe bayan ƙyallen da danƙo, sa'an nan a huhhuda shi don ruwa ya sami hanyar wucewa. A nannaɗe a ke sayar da ita, faɗin mita 2 ko mita 4, a yanka wa mai saye gwargwadon bukatarsa.

Asalin shahararta a Amurka ne. A shekarar 1965 aka buɗe wani ƙaton filin wasa mai rufi a birnin Houston, ana ce da shi Astrodome. An yi rufin da abu mai kama da gilashi don rana ta shiga ciyawa ta rayu. Da aka fara wasa, sai hasken ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido, ba su ganin ƙwallo in ta tashi sama. Aka shafa wa rufin fenti. Ido ya huta, amma ciyawa ta rasa rana ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba wadda kamfanin Monsanto ya yi, aka sa mata suna AstroTurf. Daga filayen wasa ta shiga gidaje, musamman a ƙasashen da ruwa ya yi tsada. Mai tafkin iyo yana sonta don dalili uku: ba ya ba ta ruwa, mai fitowa daga iyo ba ya taka laka, kuma ba a yanka ta balle yankakken haki ya faɗa cikin tafkin.

YADDA A KE SHIMFIƊA TA

Nan ne na ke so uwargida ta kasa kunne, gama a hoto saman kaɗai a ke nunawa, alhali yawancin aikin yana ƙarƙashi.

Da fari magina su kan kwashe ƙasar sama, zurfin inci 3 ko 4, su tsince saiwoyi da duwatsu. Sa'an nan su gyara wurin ya zama da ɗan gangare, kamar inci 1 cikin kowace ƙafa 5 ko 6, gangaren kuwa ya juya wa tafkin baya, don kada ruwan sama da ƙazanta su koma ciki. Su kan shimfiɗa wani ƙyalle mai hana haki tsirowa, su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwa, su daddaɓe ta da inji har ta yi ƙarfi. Bisa tsakuwar su zuba garin dutse ko yashi mai laushi, su baje shi sumul.

Sai an gama wannan duka a ke warware ciyawar. A bar ta cikin rana sa'a biyu ko uku ta saki jiki. A lura gashinta duka ya kwanta fuska guda, in ba haka ba wani gefe zai fi wani duhu, kamar zane da aka ɗinka wani ƙyalle a juye. Daga baya a ke yanka ta da wuƙa mai kaifi, a haɗa baki da baki da danƙo, a kafe gefuna da dogayen ƙusoshi, a manne wanda ya taɓa simintin tafkin don kada yatsan yaro ya shige ya yi tuntuɓe. A ƙarshe a watsa yashi wankakke a share shi da buroshi ya shige tsakanin gashin, ya danne ta, ya tsai da gashin tsaye.

Kun ga dai ita ciyawar ba ta shan ruwa. Tsakuwar da ke ƙarƙashi da gangaren da aka yi su ne ke tafiyar da shi. Wadda ta ɗauko ta ta shimfiɗa bisa caɓi haka kawai, ta rufe caɓin ne, ba ta kawar da shi ba. Ruwan zai kwanta a ƙarƙashi, rana ba ta kai gare shi balle ya bushe, kafin mako biyu wari ya tashi, gansakuka ta kama, mai tafiya ya taka ya ji tsamo-tsamo.

ABIN DA MAI TALLA BA YA FAƊA

Na ɗaya, zafi. Ciyawa mai rai tana fitar da laima daga ganyenta, shi ya sa ta ke da sanyi ko da tsakar rana. Ta roba kuwa tara zafi ta ke yi. Masu awo a Amurka sun sha samun zafinta ya wuce 60 a ma'aunin zafi, wani lokaci har 70, a ranar da iska ba ta kai 40 ba. To, mu da bazararmu kan kai 40 a inuwa cikin watan Afirilu, me ku ke tsammani? Babba zai taka ya yi tsalle ya koma inuwa. Yaro mai rarrafe ba ya iya gudu, tsayawa zai yi yana kuka, tafin hannunsa da gwiwarsa suna ƙuna. Masu tafki kan watsa mata ruwa kafin a taka, amma sanyin ba ya daɗewa. Ashe ke nan abin da aka saya don a huta da ban ruwa ya koma neman ruwa.

Na biyu, wuta. Tsakar gidanmu wurin girki ne. Garwashi ɗaya ya faɗo daga murhu ko daga kaskon turare, ko a sauke tukunya mai zafi a kanta, nan take wurin ya narke ya ƙanƙance, kuma ba ya komawa. Ciyawa mai rai in ta ƙone ta kan sake toho da ruwan fari. Wannan sai dai a yanke a yi mata maho.

Na uku, ƙazanta. Daɓe in kaza ta ɓata shi, tsintsiya ɗaya ta isa. Ciyawar roba kuwa kashin kaji da fitsarin akuya da na yaro shigewa su ke yi tsakanin gashin, sai an kwarara ruwa mai yawa an goge da buroshi. Haka ƙaiƙayi da dusa in ana sussuka ko surfe, haka ƙurar hunturu, su kan toshe 'yan hudojin da ruwa ke bi. Uwargidan da ke jan ruwa da guga, ko ta ke saye a hannun 'yan garuwa, sai ta yi lissafin jarka nawa za ta riƙa zubarwa kowane mako don wankin ƙasa.

Na huɗu, tsufa. Masu yin ta kan ce ta kan yi shekara 10 zuwa 15, wannan kuwa mai kyau ke nan wadda aka shimfiɗa bisa ƙa'ida. Mai araha a ƙarƙashin rana irin tamu ba ta kai haka. Ta kan koɗe, gashin ya riƙa karyewa yana bin iska da ruwa. In ta mutu ba ta ruɓewa ta zama taki, kuma ƙona ta hayaƙi ne mai cutarwa. Duk mai kiwo ta san abin da leda ke yi wa cikin akuya da tunkiya.

Har a can inda aka fi amfani da ita ba a gama shawara a kanta ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, lokacin wani babban fari, an yi doka a 2015 wadda ta hana hukumomin garuruwa su hana mutane shimfiɗa ta. Da aka ga zafinta da sharar da ta ke bari, sai a 2023 aka mayar wa garuruwan ikonsu, wanda ya ga dama ya hana.

ABIN DA YA FI DACEWA DA BAKIN RIJIYARMU

Uwargida, maganin caɓinki yana kusa da ke, kuma kakanninmu sun san shi. Ku duba yadda a ke daɓe. A zuba burji, a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe, sa'an nan a shafe da makuba ko ruwan bagaruwa ta yi ƙarfi ta yi sheƙi. Wannan fa shi ne aikin da maginan can ke yi da inji kafin su ɗora ciyawarsu. Tsohuwa mai gwaninta kuma ba ta daɓe tsakar gida sai ta duba inda rariya ta ke, ta karkata daɓen wajenta. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ga abin da za ki roƙi maigida ya yi, tun damina ba ta sauka ba.

A ɗaga bakin rijiya da bulo da siminti ya kai ƙugun babba, watau wajen ƙafa 3. A kewaye gindinta da daɓen siminti, faɗin kamar ƙafa 4 ko 5 ta kowace fuska, mai gangarowa waje. Wannan shi ke hana ruwan da aka zubar, da abin da ƙafafu suka kwaso, su sake tsiyaya cikin ruwan da za ku sha. Kada magini ya goge simintin ya yi sulɓi kamar faranti. Tun yana ɗanye a ja tsintsiya a kansa ya yi kaushi, don siminti mai santsi in ya haɗu da ruwan sabulu ya kan kayar da mutum, balle mai ciki ko tsohuwa.

A gefen daɓen a yi 'yar makwarara ta ɗauki ruwan ta kai shi nesa da rijiya. A ƙarshenta a haƙa rami, zurfin ƙafa 3 ko 4, a cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, a rufe da tsakuwa. Ruwa zai shige ya nutse, ba a ganinsa. Mu mutanen wannan yanki Allah ya hore mana duwatsu, wanda ya bi ta Kazaure da Roni ya gani, sabo da haka amalanke ɗaya ko biyu ba zai gagara ba. Kwatami buɗaɗɗe kuwa gidan sauro ne. Da zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Ruwan da ya kwana mako guda a bayan katangarki ya isa ya cika miki ɗaki da sauro. Da can dubagari kan ci tarar gida a kan irin wannan. Yanzu ko ba mai zuwa dubawa, lafiyar 'ya'yanki ta isa dalili.

Wurin wanke-wanke da gindin randa, a haƙe ƙasar kamar inci 4 a zuba tsakuwa, a ɗora faffaɗan dutse inda za a tsuguna. In kuma ido ne ke son kore, wannan ba laifi ba ne. Ruwan ɗauraya wanda ba shi da sabulu da yawa a juya shi gindin ayaba, ko ɗan lambun alayyafo da yakuwa da aka kewaye da ƙaya sabo da awaki. Ga kore, ga sanyi, ga kayan miya.

Wadda kuwa Allah ya hore wa, kuma ranta ya biya sai ta sa ciyawar roba, ba na hana ta. Amma ta sa ta a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko a baranda, nesa da murhu, inda dabbobi ba su shiga. Ta fara da ƙaramin yanki wanda za ta iya ɗagawa ta kakkaɓe ta shanya kamar tabarma, ta kuma riƙa duba ƙarƙashinsa sabo da kunama. Wajen saye ta juya bayan ta ga hudojin ruwa, ta ja gashin da yatsa ta ga ko yana tugewa. Kafin a bar yaro ya hau, ta ɗora bayan hannunta a kai. In ita ba ta iya jurewa, shi ma ba zai iya ba.

MAGANA MAFI GIRMA

Yanzu na zo ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. 'Yar makaranta, in kika sake ganin hoton tafki da ciyawarsa, ki duba ko akwai shinge. Masu ɗaukar hoto ba su son shinge, wai yana ɓata kyan wuri. Amma a Ostareliya doka ce a kewaye tafkin gida da shinge mai tsawon mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta. Faransa ma ta yi dokar tsare tafkunan gida a 2003. Ba su yi waɗannan dokoki ba sai da aka yi ta rasa 'ya'ya. Ciyawa mai laushi a bakin ruwa jan yaro ta ke yi ya zo wasa, ba ta kuwa riƙe shi in ya zame.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahoton da ta fitar a 2024, ta ce mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Girman abin ya sa tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatar da mutane. Ku lura, watan nan shi ne lokacin da kududdufanmu ke cika.

Abu biyu na ke so kowace uwa ta riƙe. Na fari, yaro ƙarami ba ya bukatar ruwa mai zurfi. Kansa yana da nauyi sosai in aka gwada da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ko baho ko bakin randa ya kife, ba ya iya ɗagowa, ruwa inci 2 ko 3 ya isa. Na biyu, ba ya ihu. Mu kan zaci za mu ji kuka ko fantsamar ruwa mu sheƙo. Ina! Shiru a ke yi, cikin 'yan mintoci kaɗan, kamar lokacin da za ki shiga ɗaki ki ɗebo gishiri ki tsaya amsa sallama.

Sabo da haka rijiya ta sami murfi mai nauyi wanda yaro ba ya iya ɗagawa, in da hali da kwaɗo. Faifai ko guntun kwano ba murfi ba ne. An gama wanki, a kife baho da bokiti nan take. Randa da duro a rufe. Ramin da aka haƙa don kwaɓa ƙasar gini ko yaɓe a cike shi kafin ruwa ya sauka. In gidanku yana kusa da kududdufi, ƙofar gida ta sami ƙyaure ko asabari mai ƙarfi, darni kuma a toshe inda ya ɓule. Kada a ba 'yar shekara 6 ko 7 renon ƙaninta a bakin ruwa, gama ita ma yarinya ce, wasa zai ɗauke mata hankali. Ranar biki ko suna, sa'ad da gida ya cika, kowace tana zaton wata na duba yara, a ranar ne ya kamata a ɗora wa mace guda wannan aiki, a kira sunanta kowa ya ji.

Manyan yara masu zuwa iyo kududdufi ko madatsar ruwa, a gaya musu gaskiya. Kududdufi ramin gini ne, gefensa kan yanke tsaye, taku ɗaya ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye mutum. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga 'yan dodon-koɗi na cikin ruwa ta shiga ta fata. Yaron da ya fara fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani, kada a ce alamar girma ce.

In kuwa tsautsayi ya faɗa aka tsamo yaro, kada a ɓata lokaci ana juya shi ƙasa ana matsa masa ciki wai ruwa ya fito. Iska ya ke bukata. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya yi kuka, a kai shi asibiti a duba. Ranar awo ku roƙi ma'aikaciyar lafiya ta nuna muku yadda a ke yin wannan da hannu, gama karatu a jarida bai kai gani da ido ba.

AIKIN WANNAN MAKO

Ku 'yan makaranta, ga aikinku. Kowace ta ɗauki takarda da fensir ta zaga gidansu, ta rubuta duk inda ruwa ke tsayawa, da duk abin da ke da ruwa a buɗe wanda ƙaninta zai iya kaiwa. Ta karanta wa innarta da ladabi, su kai wa baba. Abin da ku ke iyawa da hannunku, kamar kife baho da share rariya, ku yi shi yau. Abin da ke bukatar siminti kuwa, uwargida ta san lokacin da a ke gaya wa maigida magana ta shiga.

Wadda ta gyara bakin rijiyarta ta rubuto ta gaya mana yadda ta yi da abin da ta kashe, don 'yan'uwa na Babura da Roni da 'Yankwashi su ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsabtar randa da yadda a ke ajiye ruwan sha.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su. Ku huta lafiya.